Verna Zoubek da Wa'adin Shekara Takwas

Gidan Verna Zoubek yana kallon nawa, titi ne kawai a tsakaninmu. Garinmu Vesely ƙaramin gari ne na manoman masara da masu kiwon shanu, can tsakiyar Amurka inda ido yake gajiya kafin ya ga tudu. Ni na tuƙa motar 'yan makaranta har ƙarfina ya ƙare, ita kuma tana dafa musu abincin rana. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa ɗaya, Merle. Ba mace ce mai surutu ba, amma in ta sa abu a gaba ba ta waiwaye.

A wancan zamanin wakilinmu a majalisar dokokin jiha wani dattijo ne, Lyman Obermeyer. Tun ina saurayi yake kan kujerar. Ba wanda zai nuna maka laifinsa takamaimai. An dai gaji da ganin hularsa. Yakan yi gyangyaɗi a taro, yakan kira mutum da sunan ubansa. Da aka zo da maganar a yanka wa 'yan majalisa wa'adi, zango biyu, shekara takwas, kowa ya sauka ko ya yi kirki ko bai yi ba, Verna ce ta ɗauki aikin tara sa hannu a garinmu. A wurinmu in jama'a suka tara sa hannu isasshe, ana kai maganar gaban masu zaɓe kai tsaye. Takan kafa ɗan tebur a ƙofar kasuwar shanu ranar gwanjo, da faranti cike da kolaci, burodin nan mai zaƙi da ta koya wurin kakarta. Wanda ya sa hannu ya ɗauki ɗaya.

Ina tsaye a wurin ranar da Lyman ya zo wucewa.

"Verna, me ake sayarwa yau?"

"Ku nake sayarwa, Baba Lyman. Har yanzu ba a taya ba."

"Wa zai tayi tsohon bijimi irina? Sai dai mahauta."

Ana cikin haka alƙalaminta ya ƙi rubutu, ga mutum yana jira. Lyman ya zaro nasa daga aljihu ya miƙa mata. Bai sa hannu ba, amma ya ɗauki kolaci ɗaya, ya ce wannan ladan alƙalami ne. Ya tafi yana ci.

Dokar ta wuce da rinjaye mai yawa. Ni ma na jefa mata ƙuri'a. Da shekarun Lyman a majalisa suka cika ya koma gonarsa, bayan 'yan shekaru muka binne shi.

A tsakanin nan ne Merle ya faɗo daga saman rumbun ƙarfe na masara. Bai kai shekara talatin ba. Ya rayu, amma ƙafafu sun tafi, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya. Yana gane uwarsa, yana gane ƙarar jirgin ƙasa. Verna ba ta iya ɗaga shi, don haka aka sa shi a gidan jinya na garinmu, wani ɗan gini a bayan coci inda tsofaffinmu suke ƙarasa kwanakinsu. Daga ƙofarta zuwa can tafiyar ƙafa ce, a ƙetare layin dogo. Da safe takan je ta ba shi abinci da hannunta, don a hannun wani sai ya datse baki. Da yamma ta koma. Ruwa ko dusar ƙanƙara, daga tagata nake ganin ta fita da jar rigar sanyinta.

Gidan jinyar nan yana tsaye ne a kan ƙafafun mace ɗaya, Wilma Dostal. Dokar jiha ta ce dole a samu nas mai cikakkiyar shaida a gidan kowace rana ta Allah, in babu a karɓe lasisi. Wilma ce kaɗai muke da ita. 'Yan mata masu karatun nas ba sa dawowa gari irin namu, ba kuma na ganin laifinsu. Garuruwa biyu na kusa da mu suna cikin hali ɗaya. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: a gyara layi ɗaya a dokar, a bar ƙananan gidaje uku su yi tarayya a nas ɗaya ko biyu, suna zagayawa. In ba a gyara ba, ranar da Wilma ta ajiye aiki ranar za a rufe, a kai Merle babban gari, tafiyar rabin yini a mota. Verna kuwa ba ta taɓa tuƙi a babbar hanya ba, idonta ma ya fara rauni.

Wilma takan ce mata, "Ni dai ina nan, Verna. Gwiwoyina ne ban san shawararsu ba."

Wanda ya gaji Lyman shi ne Dale Eckhoff, mai sayar da irin masara, mutumin kirki mai yawan gumi. Verna ta gayyace shi kicin ɗinta, ta zuba masa kofi, ta kai shi gidan jinya ya ga Merle, ya ga Wilma tana jan ƙafa a baranda. Ya fito idonsa ya yi ja.

"Anti Verna, wannan ai ba abin jayayya ba ne. Ki bar min."

Shekara ta zagayo ta tambaye shi. Ya share goshi.

"Anti, ki yi haƙuri. Ginin majalisar nan har yanzu banɗaki ma sai na tambaya. Na rubuta ƙudurin, aka ce ba kwamitin da ya dace na kai ba. Kafin in gane, an rufe karɓa."

"To yanzu ka gane?"

"Na gane banɗakin."

Majalisarmu tana da wata al'ada. Ƙudurori suna da yawa, kwanakin zama kaɗan ne, don haka kowane wakili yana da ikon ɗaga ƙuduri ɗaya tak a shekara ya ce wannan ne nawa na gaba. Irinsa ake fara saurara. Sauran sai in lokaci ya ragu, lokaci kuwa ba ya raguwa. Duk abin da Verna take nema ke nan: a shekara ɗaya cikin takwas, Dale ya ɗaga nata.

Da zaɓen zango na biyu ya matso, ya ɗaga na harajin gona. Manoma sun fi masu jinya yawa, su ne kuma suke iya zuwa rumfar zaɓe da ƙafarsu. Verna ba ta yi fushi ba, har ta manna hotonsa a tagarta. Ya ci. Ya shiga kwamitin lafiya, ya fara sanin wa ake gaisarwa kafin wa, wa yake cewa to yana nufin a'a. A lokacin ne aka yi fari shekara biyu a jere, ya ɗaga na ruwan noma. Wannan ma ba wanda zai ce bai kyauta ba.

Wata safiya a shagon shan kofi wani ya ce, ba da ƙarfi ba, da Lyman ne da waya ɗaya zai buga. Verna tana kan layi a gabansa. Ba ta juyo ba. Ta karɓi abin da ta zo saya ta fita.

A shekararsa ta ƙarshe Dale ya cika alkawari, ya ɗaga nata. Ni na tuƙa ta zuwa babban birnin jiha ta yi magana gaban kwamiti. Akwai wata 'yar fitila a kan teburin mai magana, tana kore, ta koma rawaya, in ta yi ja ka yi shiru. Verna ta yi kwanaki tana gwaji a kicin da agogon dafa ƙwai. Ta gama kafin ja. Kwamiti ya amince, muka dawo tana ta ba ni labarin yadda za a raba wa nas-nas kwanaki.

Daga nan abin ya tsaya. Dale ya zo da kansa, ya zauna a kujerar da ya saba, bai taɓa kofin ba.

"Anti, a can komai musaya ne. Ka ba ni ƙuri'arka bana, in ba ka tawa baɗi. Ni kuwa ba ni da baɗi. Kowa ya sani. Ina shiga ɗaki ana yi min fara'a irin ta wanda ake rakiya."

"Saura kwana nawa majalisa ta tashi?"

"Kaɗan. Akwai manyan rigingimu a gabansa."

Aka tashi ba a kai kansa ba. Abin da ba a gama ba kuwa share shi ake yi, sabuwar majalisa ta fara daga farar takarda. Dale ya koma sayar da iri. A shekarar da ya san aikin ne ya sauka. Har yau in ya hango ni a gwanjo sai ya sauya layi.

Zaɓen da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Kujera ba mai ita, sai kowa ya ga kansa a kai. 'Yan takara suka cika allunan bakin hanya. Akwatin wasiƙunmu ya riƙa cika da hotuna masu sheƙi daga ƙungiyoyin da ba wanda ya san inda suke, wannan yana cewa wancan zai ƙwace mana bindiga, wancan yana cewa wannan zai sayar da ruwanmu. A da mukan zaɓi mutum don mun san ubansa da yadda yake riƙe shingen gonarsa. Yanzu sai muka koma zaɓen hoto. Aka yi taron jin ta bakinsu a zauren 'yan kwana-kwana. Verna ta miƙe ta tambayi kowannensu me zai yi da dokar nas. Ɗaya ya ce yana matuƙar girmama nas-nas, ƙanwar matarsa ma nas ce. Wani ya ce zai duba.

Wilma tana gefena ta ce, "Orval, tambaye shi ko ƙanwar matar tasa tana neman aiki."

Wadda ta ci ita ce Kendra Stoltz, lauya, daga babban garin da ke can ɗaya ƙarshen mazaɓar. Ba ta taɓa kwana a Vesely ba. Verna ta sake kunna tanda, ta sake zuba kofi, ta sake bi da baƙuwa ta layin dogo. Na lura wannan karon Verna tana tsayawa ta huta a tsakiya. Kendra ta fi Dale saurin fahimta, tana rubutu a wayarta tana gyaɗa kai. Amma ita ma sai da ta yi nata ɓatan hanyar, ita ma tana da nata mutanen da suka kai ta, su ma da nasu ƙudurin.

Muka sake zuwa gaban kwamiti a shekararta ta uku. Ɗakin bai canza ba, fitilar tana nan. Fuskokin ne babu ko ɗaya da muka sani, har shugaban. Verna ta faɗi abin da ta faɗa a da, kusan kalma da kalma, sai dai shekarun Wilma da ta ƙara. Da ta gama wani matashi a cikinsu ya jawo abin magana, da alama abin ya taɓa shi.

"Mama, abin da ya ba ni mamaki, me ya sa ba a taɓa kawo wannan maganar nan ba?"

"An kawo, ɗana. Kai ne ba a kawo ba tukuna."

Aka yi dariya, har da shi. Suka amince. Amma ba wanda ya ɗaga ƙudurin, sai ya kwanta a layi har aka tashi. Wani ma'aikacin majalisar mai furfura ya raka mu har bakin ƙofa, ya ce ya tuna ta tun zuwan farko. Shi da masu zuwa kamun ƙafa a madadin manyan kamfanoni su ne kaɗai suka daɗe a ginin, su ne suke nuna wa sababbi hanya. Mu ba mu da mai yi mana kamun ƙafa. Verna muke da ita.

A hanyar dawowa, mun wuce rabin tafiya, Verna ta juyo gare ni.

"Orval, shekarata nawa in wannan ta sauka?"

Na ce ban iya lissafi ina tuƙi ba.

Shekaru suka ja. An yi wa Wilma aiki a gwiwa ɗaya, ta dawo da sanda, tana zama a kujera mai taya tana tura kanta daga ɗaki zuwa ɗaki. 'Yarta tana ta kira daga wata jiha ta zo ta zauna wurinta. Kendra ta ci zango na biyu ba hamayya, don masu son kujerar sun gwammace su jira ta faɗo da kanta. Ta zama mataimakiyar shugaban kwamitin. Da aka tashi zaman majalisa na shekararta ta bakwai ta tsaya a Vesely ta faɗa wa Verna da Wilma a gabana cewa baɗi nasu za ta ɗaga, ta riga ta yi musayarta tun bana, ta koyi darasi daga abin da ya sami Dale. Ƙuri'un suna hannu. Wilma ta ce to, za ta lallaɓa gwiwar ta kai bazara.

Ban taɓa ganin Verna kamar a wannan kakar ba. Ta yi wa ƙofarta fenti.

Ana gama girbin masara motar Kendra ta tsaya a ƙofar. Ina gyaran famfon kicin ɗin Verna, don haka na ji komai. Ta ƙi zama.

"Mama Verna, gara ki ji daga bakina. An ba ni kujerar alƙali. Zan ajiye majalisa ƙarshen watan nan."

"Saura shekara ɗaya fa."

"Shi ya sa. Shekara ɗaya, daga nan ba ni da komai. Na rufe ofishina na lauya tun da na shiga, yarana biyu suna shirin jami'a. Kujerar nan in na ce a jira ni, ba za a jira ba."

"Ƙuri'un da kika ce suna hannu?"

"Hannuna ne. Ni suka yi wa alkawari. Zan bar wa wanda gwamna zai naɗa bayani, komai a rubuce. Zan kira shi da kaina."

Verna ta buɗe tanda ta duba, ta rufe.

"Allah ya sa alheri, 'yata. Alƙalanci ba wa'adi, ko?"

"Babu irin wannan."

"To madalla."

Ta naɗe mata abin da ta gasa a takarda ta ce ta kai wa yara. Kendra ta daɗe a cikin mota kafin ta tayar.

Wanda aka naɗa ya ƙarasa shekarar wani saurayi ne mai ladabi. Verna ta kira shi a waya. Ya ce ya ga bayanin, abin tausayi ne ƙwarai, amma shi zai tsaya takara a kaka, an kuma riga an ba shi shawarar abin da ya kamata ya ɗaga. Ya tambaye ta Vesely tana kusa da ina.

Wilma ta faɗi a kan ƙanƙara a bakin ƙofar gidan jinyar bayan Kirsimeti. 'Yarta ta zo ta ɗauke ta, wannan karon ba a yi shawara da ita ba. An nemi nas ta haya, ta zo ta yi 'yan makonni ta tafi. Kafin dusar ta narke aka rufe. Aka rarraba tsofaffin, wasu gabas wasu kudu, duk inda aka sami gado. Merle aka kai shi babban gari.

Na riƙa kai ta ranar Lahadi in hanya ta yi kyau. Wurin yana da tsabta, ma'aikatan ba su da laifi. Sai dai Merle ya ƙi cin abinci a hannunsu. Kowane zuwa sai mu tarar wuyan rigarsa ya ƙara yi masa yawa. Suka fara maganar sa masa roba ta ciki. A Lahadi ta huɗu ko ta biyar Verna ta fito daga ɗakinsa ta ce in zaga da ita unguwar, a hankali, tana karanta allunan haya.

Ta sayar da gidan da aka kai ta amarya. Ta kama ɗaki ɗaya a saman wani shagon wanki, inda za ta iya zuwa wurinsa da ƙafa. Ni da mutanen coci muka loda kayan. Teburin kicin bai shiga ɗakin ba, ta bar wa masu sayen gidan.

Nakan je in gan ta, ba sosai ba, ni ma idon ya fara. Merle yana ci. Ita ce ta rame. Ba ta san kowa a unguwar ba, matakalar ɗakin kuma tana ba ta wuya, takan tsaya a tsakiya ta ce tana kallon titi ne. Zuwana na ƙarshe lokacin zaɓe ne, alluna sun cika gefen hanya. Na tambaye ta wa yake wakiltar wannan unguwar a majalisa. Ta ce ba ta tambaya ba.

Da zan tafi ta rako ni bakin matakala, tana riƙe da ƙarfen.

"Orval, ginin nan na bayan coci. An kashe ruwan kuwa? In sanyi ya shigo bututun za su fashe."

Na ce zan duba. Da na koma na je na leƙa ta taga. An kwashe gadajen, ban kuma san wa yake riƙe da makullin ba.